Giɓin Arzika

Dalilin da ya sa ba a toshe giɓin nan na ganuwar Rafin Kanya, wanda kuke gani ana kai baƙi duk bikin kaka, shi zan gaya muku yau. Kai Ɗanliti, ajiye raken nan, ba na magana ana tsotse-tsotse.

A da can ganuwar nan ba ta da ko tsaga. Ƙofa ɗaya ce tak, tana gabas. Da damina ta ɗauke sai a yi gayya, kowace unguwa ta gyara ɓangarenta da ruwa ya zaizaye, sannan a yi bikin sabon gero. Akwai kuma doka mai tsanani: duk wanda ya fasa ganuwa, ta inda ya fasa za a fitar da shi, a toshe a bayansa, shi da garin har abada.

To, a lokacin akwai wani magini, Arzika. Kai, Allah ya yi wa mutumin nan hannu! In ya yi yaɓe sai ka rantse da man shanu ya shafe bangon. Shi ke jagorantar ɓangaren yamma, kuma a bayan wannan ɓangare ne wasu baƙi suka zauna, mutanen da ambaliya ta koro daga ƙauyensu, aka ba su aron gona. Shekarar ce nomansu na farko, sun yi girbi sun tara dammunansu wuri ɗaya a bakin gona.

Ranar da za a gama aiki, da hantsi, Arzika na bisa ganuwa yana jera tubalin ƙarshe, sai ya hango hayaƙi. Wuta ce ta kama karan gona, iska na koro ta wajen dammunan baƙin nan. Mazansu duk sun tafi yankan ciyawar jinka, sai mata da tsofaffi ke ta ihu suna bugun wuta da ganye. Ga kududdufi cike da ruwa a cikin gari, taku kaɗan daga gindin ganuwa. Amma kafin a zagaya da tulu ta ƙofar gabas, ai sai dai a tarar da toka.

Arzika ya diro, ya fizgi gatari.

Ƙaninsa Cindo ya riƙe masa hannu. "Yaya, kana hauka ne? Ka manta doka?"

"Ban manta ba. Sakar mini hannu, abincin shekararsu ne ke shirin ƙonewa."

Ya sari bangon da ya gina da hannunsa, ga shi ɗanye, ya yi ta sara har ya ɓarke. Ya kwarara ihu, "Ku kawo ruwa!" Nan da nan aka yi layi daga kududdufi har gona, tulu na bin tulu, masaki na bin masaki. Dami bakwai suka ƙone, sauran duk suka tsira.

Da la'asar Mai gari ya tara jama'a a bakin giɓin. Wallahi ransa bai so ba. Ya ce, "Arzika, abin kirki ka yi, kowa ya gani. Amma in na ɗaga maka yau, gobe wani zai fasa don akuyarsa ta ɓata."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, na san abin da na saya kafin in ɗaga gatari."

Ya tsallaka waje, matarsa na kuka, 'ya'yansa na riƙe da zanenta. Aka kwaɓa ƙasa, aka ce Cindo ne zai toshe. Ku dubi wannan abin tausayi, ƙane zai rufe wa wansa gari!

Cindo ya ɗauko tubalin farko ke nan, sai ga wata tsohuwa daga cikin baƙin nan, Iya Tabawa, ta taho da damin gero a ka, tana haki. Ta sauke shi a tsakiyar giɓin, ta zauna a gefe ta miƙe ƙafa.

Mai gari ya ce, "Iya, mene ne haka?"

"Tukuici na kawo wa mai gatari, ranka ya daɗe. Ƙarfina ya ƙare a nan. Wanda zai iya yaɓa laka a kan abinci, bismilla."

Wa zai iya? Mu nan ko ƙwaya ɗaya ta faɗi sai an tsince ta. Mai gari ya sa aka ɗauke damin aka kai gidan Arzika. Kafin Cindo ya sunkuya, wata matar ta ajiye nata. Aka ɗauke, wata ta ajiye. Can sai ga matan cikin gari su ma sun fara fitowa da nasu. Har rana ta faɗi ba a aza tubali ko ɗaya ba.

Mai gari ya daɗe yana kallon giɓin, sannan ya yi murmushi. Ya ce, "Doka ta ce a fitar da shi a toshe. An fitar da shi. Ranar da aka toshe, ya zama korarre. Kafin nan, Arzika, shigo ka ci tuwo a gidanka."

Ta giɓin ya dawo, Cindo ya jefar da tubalin ya rungume shi.

Shi ya sa har yau, duk kaka, kafin a fara dambe da kokawa, ake kai baƙi su ga giɓin Arzika, a miƙa wa kowanne zangarniyar gero ya ajiye a wurin. Ganuwa ta zube kusan duka, amma ba a taɓa barin wurin nan babu gero ba. Arzika ya tsufa ya rasu a ɗakinsa, a cikin garinsu, hukuncinsa na nan yana jiran tubalin farko.