Shef Illo da Taubasan Ɗaki Ɗaya

Illo mutumin garin Tawa ne. Karatu ya kawo shi Faransa, ya zama ɗan ƙasa, ya kama aiki a wani gidan kaso da ke wajen Lyon. Daga gandiroba mai riƙon mabuɗi ya yi ta hawa har ya zama shugaban sashen sababbin fursunoni. Aikin sashen shi ne a lura da wanda aka kawo, a gane halinsa, sannan a yanke wanda zai zauna ɗaki ɗaya da shi. Illo ya iya aikinsa, wannan babu ja. Aibinsa guda ne, ya yarda da idonsa fiye da kima. Karin maganarsa kullum shi ne labarin zuciya a tambayi fuska, kuma in mutum daga yankinsu na asali ya fito, to kallo ɗaya ya ishe shi. Har a masallacin unguwarsu ta Vaulx-en-Velin an san shi da wannan cika baki.

Wata rana aka kawo mutum biyu masu jin Hausa. Ɗaya Bouba, Bafulatani ɗan Garwa, tela ne siriri mai yawan sunkuyar da kai, an kama shi da takardun zama na jabu. Ɗayan Mustafa, Babarbare daga Chadi, ƙato, ya yi dako a shagunan Aubervilliers kafin faɗa ya jefa shi kaso. Illo na jin asalinsu ya washe baki. Babarbare da Bafulatani ai taubasai ne, ko a kasuwa suka haɗu sai sun zagi juna suna dariya, kuma al'ada ta hana kowannensu fushi. Ya haɗa su ɗaki ɗaya yana ganin ya yi dabarar da Bature ba zai taɓa yi ba.

Ba a daɗe ba Inès, wata ma'aikaciya da ke ƙarƙashinsa, ta same shi a buro, wato ofishinsa.

"Shef, Bouba ya daina fita tsakar gida shan iska," ta ce da Faransanci. "Kuma kullum ina jin Mustafa na daka masa tsawa da yarenku. Ban san abin da yake cewa ba, amma muryar ba ta yi mini ba."

Illo ya yi dariya har da buga tebur. "Wasa ne, Inès. Wasan kakanni. Da kin ji abin da muke gaya wa namu taubasan, da kin kira 'yan sanda."

"Ko da haka, ka kira shi ka gana da shi shi kaɗai, kamar yadda aka saba."

"Yanzu ke za ki koya mini mutanena?"

Ƙa'idar aikin ke nan, duk fursunan da ake shakkar zamansa, a keɓe ake tambayarsa. Illo ya san da ita, shi ma yake koya wa sababbin ma'aikata. Amma ya ga ƙasƙanci ne a ce shi, ɗan gida, sai ya bi ƙa'ida kafin ya gane nasa. Sai ya wuce ɗakin kawai, ya sa aka buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mutanen gida, lahiya kuke zamne?"

Mustafa ya miƙe da fara'a. "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ga bawan nan nawa da ka ba ni, ina ta koya masa ladabi."

Illo ya kece da dariya, ya juya ga Bouba. "Kai Bahillace, ina ka baro shanun? Babu dai wata damuwa ko?"

Bouba ya ɗaga ido ya dubi Mustafa, ya mayar ƙasa. "Babu, Malam. Alhamdulillahi."

Illo ya koma yana ce wa Inès ai ga shi Bouba da bakinsa ya ce babu damuwa. Ya manta Bafulatani ba ya kai kuka a gaban mutane. Ya kuma manta ba a tambayar mutum lafiya alhali wanda ya shaƙe shi na tsaye a gefe.

A lokacin nan aka gayyaci Illo Paris. Manya na neman wanda zai riƙe babban muƙamin sa ido kan rabon fursunoni, kuma sunansa na gaba. Ya hau jirgin ƙasa, ya sauka wajen wansa a Montreuil, washegari ya ɗaura kwat ya tsaya gaban taro. Da labarin taubasan nan ya buɗe jawabinsa. Ya ce sanin al'ada ya fi kowace tambaya, mutane na ta gyaɗa kai. Ana cikin tafi wayarsa ta yi ta motsi a aljihu. Da ya fita ya ɗauka, Inès ce. An kai Bouba asibiti. Ya ƙi wanke wa Mustafa kaya, shi kuwa ya danne hannunsa da ƙafar gado har yatsun suka farfashe.

Bincike bai yi wuya ba. Ashe tun farko Mustafa ke cinye abincin Bouba, yana sa shi wanki da shara, duk da sunan wasa. Muƙamin Paris ya tafi ga wani, sashen ma aka karɓe daga hannun Illo. Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba.

Ya je asibiti. Bouba na kwance, hannun dama naɗe da bandeji. Suka gaisa, Illo ya rasa ta inda zai fara.

"Don mi ba ka gaya mini ba?" ya ce da ƙyar.

"A gabansa ka tambaye ni, Malam."

"Na ɗauka wasa kuke."

Bouba ya dube shi. "Kai ka fi ni sanin wasan nan. Mutum biyu ke yinsa. Ya ce mini bawa, ka yi dariya. Ka ji na rama?"

Kunya ta rufe Illo, ya dubi hannun ya tambayi abin da likita ya ce.

"Ya ce zai warke," in ji Bouba. "Allura ce dai ba zai ƙara riƙewa ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar mutane kada ya bar sanin asalinsu ya hana shi sauraronsu. Sanin hali ya fi sanin kama, kuma ƙa'idar da ka raina don kana ganin ka wuce ta, wataƙila ita kaɗai ce ke kare mai rauni. In ka ga ana wasa, duba ko duka biyun ke dariya. In kuwa za ka tambayi mutum damuwarsa, ja shi gefe tukuna.