Gaɓoɓi Goma Sha Biyu

Akwai wani dattijo mai shagon kayan ɗinki a bakin kasuwa, kowa Baba Mai Allura yake ce masa. Zare, maɓallai, allura da almakashi yake sayarwa tun kafin a haifi 'ya'yansa.

Baba bai yi boko ba, lissafinsa a hannu yake. Babban yatsansa ne ke tafiya a kan gaɓoɓin sauran yatsu huɗun. Kowane yatsa gaɓa uku, goma sha biyu ke nan. A tsohon kuɗi kuwa kwabo goma sha biyu ne sule guda, don haka hannun bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai aka canza kuɗi. Sule ya koma kwabo goma.

Kunnen Baba ya ji, amma yatsan bai ji ba. Tela zai sayi allurar kwabo uku ya miƙa sule, yatsa ya wuce gaɓa uku ya ga saura tara, sai Baba ya ba da canjin tara maimakon bakwai. Wasu telolin su mayar masa da biyun suna tsokanarsa, "Baba, yau ma sadaka ake yi?" Wasu su zuba a aljihu su yi gaba.

Babban ɗansa, wanda ake kira Akawu saboda ya taɓa aikin ofis, shi ke taya shi tsaron shagon. Wata rana shago ya cika da mutane, Baba ya ɗaga hannu ya fara ƙirga. Akawu ya kama hannun ya danna shi a kan tebur.

"Haba Baba! Sau nawa zan faɗa? Goma ne, goma! Ɗan aji ɗaya ma ya san wannan."

Baba ya janye hannunsa a hankali ya sa cikin aljihu.

"Ka ƙara nuna mini sau ɗaya mana," in ji shi.

"Ba ni da wannan lokacin. Daga gobe ka zauna a gida ka huta."

Haka Baba ya koma zaman ƙofar ɗaki. Matar Akawu ta lura ko abinci aka kai masa, kaɗan yake taɓawa. Rannan ta ɗebo wake a faranti ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba ni hannun nan in gani."

Ta naɗa masa filasta a gaɓoɓi biyu na ƙarshen ƙaramin yatsa.

"Duk inda ka ji filasta, kasuwa ta tashi. A nan sule ya ƙare."

Baba ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Kai, 'yar nan! Ashe yatsan ne ya yi tsawo."

Kullum in ta gama aikin gida sai su buɗe kasuwarsu. Ita ce tela mai rowa, wake ne kuɗi. In ya yi kuskure ta ce a sake, ba tsaki, ba ɗaga murya. Kafin wata ya ƙare ya cire filastar da kansa.

Da safe ya sa rigarsa mai kyau ya tafi shago don ya nuna wa ɗansa. Ya tarar an ɗauke kujerarsa, an kafa kabad ɗin zare a wurin. Akawu bai bari ya shiga ba, a bakin ƙofa ya tare shi.

"Baba, don Allah kada ka sake ba ni kunya a gaban mutane. Me kake so, in aiko maka?"

"Babu komai," in ji Baba.

A makon ya haɗa kayansa ya koma wajen 'yarsa a wata unguwa. Ta kafa masa ɗan tebur a ƙofar gida. Telolin da suka saba da hirarsa suka riƙa binsa can ɗaya bayan ɗaya. Shagon kasuwa ya fara yin sanyi, mutane kuma suka fara nuna Akawu da baki.

Daga baya Akawu ya je. Ya gaishe shi, Baba ya amsa ba tare da ya nuna masa wurin zama ba. Sai Akawu ya ɗauki allurar kwabo uku ya ajiye sule.

Baba ya ƙirga kwabo bakwai ya jera su a bakin tebur.

"Baba, zuwa na yi ka dawo gida. An mayar da kujerar."

"Malam, duba canjinka kafin ka tafi, kada in ba ka kunya."

Baba ya juya wajen matar da ke jira a bayan Akawu ya ce, "Baiwar Allah, wane launin zare?"

Baba bai sake taka shagon ba har ya koma ga Allah.

Darasi: Tsoho ba ya rasa hankali don zamani ya canza ma'auni, lokaci kawai yake buƙata. Abin da haƙurin suruka ya gyara da 'yar filasta, girman kan ɗa ya ɓata shi har abada. Idan iyayenku sun ce ku sake nuna musu, ku zauna ku nuna. Ku tura wa duk wanda nasa ke raye.