Ciyawar Gidan Darakta

Wai a wata gonar binciken dabbobi, dusa ta dinga ɓacewa daga sito. Ragunan gona suna ramewa, na gidan Darakta kuwa da ƙyar suke tashi saboda ƙiba. Sai Darakta ya kira makiyayi Jaɓɓo, ya nuna masa wani rago duk haƙarƙari.

"Kwana arba'in na ba ka ya yi ƙiba, ba dusa ba ƙuli. In ka kasa, bakin aikinka."

"Ranka ya daɗe, naka na gida me suke ci?"

"Ciyawa zalla, wallahi!"

Ranar da manyan likitocin dabbobi suka zo duba gona, Jaɓɓo ya jawo ragon, wuya kamar turmi.

Darakta ya daka tsawa: "Dusa ka sata ka ba shi!"

"Ni? Cikin ragunanka na saje shi, abin da suka ci ya ci. In dusa ce, kai za ka gaya mana inda ta fito."

Darakta ya dubi likitocin, ya ce, "Ciyawa ce."

Babbar likitar ta miƙe. "Shekara ashirin muna neman irin wannan ciyawa! Mu je gidan mu gani."

Jaɓɓo ya ce, "Ba ta da wuyar ɗiba, Hajiya. A buhu take tsirowa."