Mazo Mai Gadin Wake

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, Tabawa, ba ta da komai sai 'yar gonar wake. Sai ƙananan ƙwari suka sauka suna tsotse ganyen. Sai ta ce tana neman mai gadi.

Sai ga Mazo, ɗan'uwan barewa, ja mai fararen ɗigo, yana kaɗa ƙaho. Sai ga wata 'yar ƙwaro, ja mai baƙaƙen ɗigo, ko ƙwayar wake ba ta kai ba.

Mazo ya dube ta ya ce, "Sannu giwa. Taka a hankali, kada ƙasa ta tsage."

'Yar ƙwaro ta ce, "Iya, ni ƙwarin nan ne abincina. Tambaye shi nasa."

Tabawa ta ce, "Ina ruwana da cikinsa? Dubi ƙaho!" Sai ta ba Mazo gona, ta bar wa 'yar ƙwaro kunya ɗaya a gefe.

Washegari Tabawa ta tarar da gabashin gona babu ganye. Mazo ya ce, "Iya, ƙwarin a ganye suke ɓuya, sai na raba su da shi."

'Yar ƙwaro ta ce, "Kai, wannan basira! A ina ka yi karatu?"

Rana ta biyu, yammacin gona babu fure. Mazo ya ce, "Da shi suka gudu. Na bi su har na gaji."

'Yar ƙwaro ta ce, "Allah sarki. Dubi yadda ka rame, har ciki na jan ƙasa."

Tabawa ta fara zargin Mazo, amma ta ji nauyin ta ce ta yi kuskure.

Rana ta uku, sai ta same shi kwance, reshen wake na lilo a bakinsa. Ya ce, "Albishirinki, Iya. Ko ƙwaro ɗaya bai rage ba."

Sai ta ɗaga fartanya. Sai ya tsallake shinge, ya shige daji. Ta zauna a ƙasa tana kuka.

'Yar ƙwaro ta ce, "Iya, in kin gama, zo ki ga aikin marasa ƙaho."

Kunyar 'yar ƙwaro kore shar, wake ya yi 'ya'ya. Ƙwarya guda Tabawa ta samu. Ta ajiye rabi iri, ta ci rabi, ta ƙare sauran shekara da cin ganyen tafasa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. In za ku ba da amana, yara, ku dubi aiki, ku daina kallon girman jiki.