Rijiyar Kamu Uku

Tun kafin fatake su san hanyar kudu, an yi wani maharbi, Mantau, wanda fari ya kora daga garinsu tare da gida goma sha ɗaya. Mantau na Tabawa, kibiya ɗaya nama ɗaya. An ce sawun wata giwa ya bi damina biyu, har ƙasa ta tsuke ta zama ziri, teku a gabas, teku a yamma. A ƙarshen zirin giwar ta shiga ruwa, ba a sake ganin ta ba. Nan tafiya ta ƙare, don ba sauran ƙasar da za a taka.

Wurin yana da kyau, sai dai ba mai ƙarfin kallo. Farin rairayi, baƙaƙen duwatsu, itatuwa masu dogayen saiwoyi tsaye cikin laka, ƙaguwa ko'ina. Ga ruwa iya ganin ido, amma ba ya shawuwa. Salkunansu sun kusa bushewa, matarsa Tabawa kuma ta kwanta, leɓɓanta sun tsattsage.

Mutanen arewa ne, abin da suka sani shi suka yi. A garinsu rijiya ba ta amsa sunanta sai ta yi zurfi. Suka fara haƙa, suka ga ruwa yana tsattsafowa tun kusa, suka raina shi, ba wanda ya ko ɗanɗana. Suka nutsa gaba huɗu, suka tarar da gishiri. Rijiya shida suka haƙa haka, suka binne tsofaffi biyu da ƙishirwa ta kashe.

Ta bakwai Mantau kaɗai ya fara, sauran sun zube a inuwa. Da ya kai kamu uku, hannuwansa suka ƙi. Ya zauna cikin ramin, ruwa yana taruwa a ƙafafunsa. Ya gaji, gajiyar da ko tsoron mutuwa ba ta bar masa ba.

Tabawa ta rarrafo bakin ramin ta ce, "Maigida, ɗebo mini wannan."

Ya ce, "Ba ta zama rijiya ba tukuna."

Ta ce, "Ni ba zan kai ta zama ba."

Ya kamfato a tafin hannu ya ba ta. Ta sha, ta sake miƙo baki. Sai ya ɗanɗana: ruwan daɗi ne, yana kwance bisa na gishiri kamar mai a kan miya. Sau shida suna huda shi suna wucewa. Mantau bai yi murna ba. Ya dubi kaburburan nan biyu, ya yi kuka.

Tabawa ta tashi, gari ya kafu, kuma rijiyar tana nan, ba a ƙara mata zurfin ko taƙi ɗaya ba. Har yau in mutum yana haƙa a zirin nan ya kai kamu uku, ko da ƙarfinsa, dattijo zai zo ya karɓe masa diga, ya ce, "Ka gaji, fito."