Kukan Jaki a Zauren Alhaji Modu

Maiwada mutumin Yekuwa ne, ƙaƙƙarfa, ga gonar gado, amma ba ya son abin da zai sa shi gumi. Ya fi son ya raɓu da mai abu. Bayan farin 1973 sai ya bar wa yayarsa Baturiya gonar, ya tafi Magariya ya liƙe wa wani attajiri mai kamiyo biyu, wato manyan motocin ɗaukar kaya, Alhaji Modu.

Ba wani aiki aka ba shi ba. In Alhaji ya yi dariya ya taya shi, in ya yi magana ya ce, "Haka yake, ranka ya daɗe." Ladansa tuwo ne da kwancen riga.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya yi baƙi daga tsallaken iyaka. Da hira ta yi daɗi sai ya ce, "Maiwada, yi musu kukan jakin ƙauyenku."

Ba ranar ya fara ba. Ya durƙusa hannu da gwiwa, ya wage baki ya kwarara kuka. Zaure ya kaure da dariya. Yana ɗaga kai sai ya ga Baturiya tsaye a bakin ƙofa. Amalanke ta biyo don ta gaya masa an yi ruwan shuka.

Alhaji ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Ta ce, "Ƙanena nake nema, ɗan Malam Habu na Yekuwa. An ce yana nan, amma ban gan shi ba." Ta juya.

Maiwada ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya miƙe ya bi ta, bai yi wa kowa sallama ba. Har suka fita daga gari ba ta waiwayo ba.

Ya ce, "Yaya, ki yi mini magana, ko da zagi ne."

Ta ce, "Me zan ce? Bara mun ci dusa, mun ci ganye, amma ba wanda ya taru ya yi mana dariya."

Washegari a Yekuwa ya ɗauki sungumi ya shiga gona. Hannunsa ya yi kanta, da kaka ya sami dami goma sha ɗaya. Amma labari ya riga shi isa gida, kuma har ya yi furfura in ya wuce majalisa akan sami mai cewa ƙasa-ƙasa, "Ga jakin Alhaji." Sai dai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Mai karatu, ba cika ciki kaɗai aka halicci mutum don shi ba. Wanda ya ƙi dogara da guminsa, da mutuncinsa zai biya abin da ya ci a hannun wani. Gona in an koma mata takan karɓi mai ita a damina ɗaya, amma mutunci in ya zube yakan ɗauki tsawon rayuwa ba a gama kwashe shi ba.