Ranar da Munsharin Illo Ya Ɗauke

Akwai wani saurayi ɗan Madarunfa, Illo, da ya zo hutu gida wajen ƙarshen shekarun 1990, bayan ya daɗe a Jidda yana tuƙa motar wani Balarabe.

Ya tarar abubuwa sun sake. Kukar ƙofar gidansu ta faɗi. Yayarsa Ɗelu ta yi aure a maƙwabta, 'ya'yanta sun mayar da gidan nasu filin wasa. Idon mahaifiyarsa, Hajiya, ya yi rauni, sai da murya take gane mutum. Inusa kuwa, abokinsa da suke satar kifin masunta a bakin tafki, ya ajiye gemu, har shi ake kira wankan gawa a unguwa.

Abu ɗaya ne bai sake ba: munsharin Illo. In ya fara, sai ya yi ta ja kamar kamiyo, babbar motar kaya, a kan tudu, ya ɗauke ɗif, can ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

A Jidda likita ya gaya masa wannan ciwo ne. Maƙogwaronsa ke toshewa cikin barci, shi ya sa yake gyangyaɗi da rana. Har ya taɓa yin barci a kan sitiyari da 'ya'yan maigidansa a cikin mota. Maigidan ya saya masa wani inji mai hura iska, mai dogon tiyo da abin rufe hanci, ya ce ya je gida ya saba da shi. In ya dawo yana gyangyaɗi, shi da makullin mota har abada.

To, Illo mutum ne mai ji da kansa. Baƙin tabarau, turare, agogo mai walƙiya. Ina zai yarda a gan shi da hanci kamar na giwa?

Bazara ce, kowa a tsakar gida yake kwana, shi kuwa sai ya kulle kansa a ɗaki. Da yake babu kuran, wato wutar lantarki, a gidan, ya samo batirin mota, ya ce na rediyo ne.

"Wane irin rediyo ne wanga da ba ya magana, sai huci?" in ji Ɗelu.

"Na ƙasar waje ne, Yaya. Ba ki gane mashi."

A cikin ɗaki kuwa kokawa ake yi. Illo ba ya zama wuri ɗaya a farke, balle a barci. Ga zufa, ga juyi. Wata safiya ya farka tiyo ya naɗe masa wuya, wata safiya abin hancin yana kan kunnensa yana hura masa iska. In ya gaji ya yi jifa da shi, munshari ya dawo. Hajiya ta ji daga shimfiɗarta, ta ce, "Alhamdu lillahi, auta na nan."

Hutu yana ta ƙarewa. Illo kuma har a majalisar shayi yake gyangyaɗi, kofi a hannu.

Wata rana bayan azahar barci ya ci ƙarfinsa. Zafi ya hana shi rufe ƙofa. Don kada a gan shi, sai ya ɗaura abin hancin, ya tura injin ƙarƙashin gado, ya jawo farin haramin da ya yi umra da shi, ya lulluɓa tun daga kai har ƙafa. Ya cusa gefen zanen ƙarƙashin jikinsa don kada ya yi juyi. Ikon Allah, dabarar ta yi. Ya samu barcin da ya yi shekaru bai yi irinsa ba.

Hajiya na tsakar gida ta kasa kunne. Auta ya shiga ɗaki tuntuni, babu munshari. Ta lallaba bakin ƙofa, ta hangi farin abu miƙe samɓal a kan gado. Ta kira, shiru. Haramin nan kuwa kowa ya san abin da ake ajiye shi dominsa: likkafani.

Ta sa salati.

A garinmu ba a jinkirta jana'iza, balle da zafi. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an ɗauko makara daga masallaci, maƙwabcinsu Idi ya saɓi diga ya yi maƙabarta. Mata na kuka, babu wadda ta iya leƙa ɗakin.

Inusa ya shiga da buta, yana share hawaye. Ya ji huci, ya ɗan dakata, ya yi bisimilla ya yaye zanen.

Gawa ta buɗe ido, da dogon hanci har ƙasa. Illo ya buɗe baki zai yi magana, iskar injin ta fito ta bakinsa, fuuu.

Inusa bai san ta inda ya fita ba. Buta gabas, takalmi yamma. Illo ya biyo shi a gigice, tiyo na reto a fuskarsa, ya tsaya tsakiyar masu zaman makokinsa.

"Mi ya faru? Wa ya rasu?"

"Kai," in ji Ɗelu, ta zauna daɓas.

Dole ya yi bayani tun daga farko, gaban duk unguwa. Hajiya ta matso ta shafa abin hancin da yatsunta.

"Wanga abu kake ɓoyo? Ni da na goye ka kana majina? Da ka kifar da 'ya'yan mutane a hanya, wannan ba kunya ba ce?"

Illo ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin aka tuna da Idi. Ya dawo jiƙe da zufa, ya dubi Illo sama da ƙasa.

"Rami ya kai gwiwa, Illo. Yanzu mi za ni yi da shi?"

Daga ranar Illo ya fito da gadonsa tsakar gida. Inusa ya rataye tiyon a sandar rumfa yadda zai yi juyinsa ba tare da ya naɗe ba. Ɗelu ta ɗinka wa maɗaurin abin hancin tsumma mai laushi. Yara suka kira shi giwa na 'yan kwanaki, suka gaji. Gyangyaɗin majalisa ya ƙare.

Da ranar tafiya ta matso, Illo na haɗa kaya, ƙafarsa har ta fara ƙaiƙayin hanya. Hajiya ta sa ya ɗora injin a saman jaka, inda hannu zai kai. Ta lalubo haramin, ta zare shi ta rungume.

"Wanga ka bar mani shi nan, auta. Ba yanzu ba."

Darasi: Neman lafiya ba abin kunya ba ne. Wanda ya ɓoye maganinsa don gudun dariyar mutane, ya hana kansa taimakonsu, kuma dariyar tana nan tana jiransa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana cusa maganinsa ƙarƙashin gado.